Zuwa Ga Uwar Miskilai Ta Samaru

Ke 'yar Gwaggo, baiwar gidanmu, Bazazzagiyar da ba ta amsa kira sai an haɗa da "Anti", ajiye wayar nan ki saurari ubangidanki. Ajiyewa na ce, ba kifewa a cinya kina satar leƙe ba. Yau da ke nake, kuma a bainar jama'a, don na san in a zaure na tare ki, cewa za ki yi baƙin ciki ne irin na Bakanon da ya ga maƙwabcinsa yana ciniki.

Jama'a, ga ƙarar da na kawo. Wannan baiwar Allah ba ta iya kallon shirin talabijin ta tashi kamar sauran mutane. Mu in shiri mai dogon zango ya ƙare, ko mu ce madalla ko mu ja tsaki, shi ke nan, sai a nemi wani. Ita kuwa ranar aikinta yake farawa. Sai ta tattare mutanen shirin kaf, da sunayensu da danginsu da gidajensu, ta zuba a wayarta, ta ci gaba da yi musu labarin da masu shirin ba su san da zamansa ba. Wanda aka kashe ta tashe shi, waɗanda aka raba ta ɗaura musu aure, wanda bai yi mata ba ta haɗa shi da hatsarin mota. Babi-babi take saki a Wattpad, 'yan mata suna bin ta da "Anti don Allah a ƙara mana". Wai sunan abin fanfik. Ka tambaye ta dalili, sai ta tura tabarau sama da ɗan yatsa, yadda mutanen Samaru suke yi in za su yi maka bayanin abin da ka riga ka sani, ta ce ai marubutan shirin ne ba su fahimci mutanensu ba, ita ta fahimce su.

To sannu, Farfesa. Matso mu duba fahimtar.

Mu fara da masoyinki na fari, Arnav Singh Raizada. Ga waɗanda Allah ya tsare da wannan jarrabawa, Iss Pyaar Ko Kya Naam Doon shirin Indiya ne da tashar Star Plus ta nuna daga Yunin 2011 zuwa Nuwambar 2012, kashi 398. Barun Sobti ne ya fito a Arnav, matashin attajiri mai kamfanin tufafi a Delhi. Sanaya Irani kuma ita ce Khushi, 'yar talakawa daga Lucknow, mai surutu da rawar kai, wadda in ranta ya ɓaci sai ta faɗa kicin ta hau suyar jalebi har sai ta rasa mazubi. Haɗuwarsu ta farko ma faɗowa ta yi daga dandamalin nunin kaya ya cafe ta. Kada ki tambaye ni inda na san wannan duka. A lokacin, in muka zo Zariya gaishe da Gwaggo, ko ruwa ba kya ba mu sai an gama kashin ranar.

Arnav na cikin shirin mutum ne mai wuyar sha'ani. Ga zafin rai, ga daka tsawa, kuma ya cuci yarinyar nan ba sau ɗaya ba. Auren ma na wata shida ya tilasta mata, da barazanar zai wargaza bikin yayarta Payal da ɗan kawunsa Akash. Amma shi ɗin dai yana da ciwon suga, in ya yi wasa da abinci jiri ya kwashe shi. Yana da shukokinsa a bakin wurin ninƙayar da ke jikin ɗakinsa, shi yake ba su ruwa da hannunsa yana datse musu ganye, in abu ya dame shi can yake tsugunawa. Ba ya shiga sabgar bautar gidansu, yana cewa shi yake rubuta ƙaddararsa. Yayarsa Anjali kuwa, ko tari ta yi sai ya ajiye kamfani ya taho. Ka tsani wani ɓangarensa, wani ya ba ka tausayi, wani ya ba ka haushi da dariya a lokaci guda.

Shi kuwa naki Arnav ɗin fa? Ba shuka, ba suga, ba tsawa. Dogo ne, fari, mai kwantaccen saje, magana sai an yi da gaske. Tun babi na ɗaya yake lumshe ido, ya taune leɓen ƙasa, ya furzar da zazzafar iska. Wallahi iskar da bawan Allahn nan ya furzar daga farkon labari zuwa ƙarshe ta isa ta busar da wankin unguwarku. Ba ya cin komai sai baƙin kofi. Ma'aikata na jin ƙamshin turarensa kowa zai kama kansa. A wani babi har "ya salam" na ji ya ce, a tsakiyar Delhi, mutumin da ko kallon gunkin gidansu ba ya yi.

Na ce to, wataƙila Arnav ne ya zo da ƙarar kwana. Sai kika tsallaka Turkiyya. Turgut na shirin Ertugrul, wanda tashar TRT ta yi daga 2014 zuwa 2019, barde mai gatari, wanda 'yan Salibiyya suka kama suka gana wa azaba, daga baya ya rasa matarsa Aykiz. Ya shiga wayarki, ya fito yana lumshe ido yana taune leɓe. A ƙarni na 13, cikin tanti, yana neman baƙin kofi, alhali kofi bai iso ƙasar ba sai bayan ɗaruruwan shekaru. Wanda ya fi ba ni tausayi kuwa Sherlock ne na BBC, wanda Benedict Cumberbatch ya fara fitowa a matsayinsa a 2010. Wannan fa mutum ne da in ya soma zuba ba ya tsayawa haɗiyar yawu. Wayar abokin tafiyarsa John Watson kawai ya riƙa, ya karanto masa rabin tarihin gidansu. Shi ma kika ɗinke masa baki. Daga "uhm" sai "a'a", sai kallon ƙasan ido.

Kin tuna tandar Gwaggo ta waina? Ko ƙullun shinkafa aka zuba, ko na gero, ko na masara, abin da zai fito daidai ramin yake fitowa. To haka kanki yake, kuma ramukan huɗu ne: miskili, marainiya mai haƙuri, kishiya mai bin bokaye, sai aboki mai barkwanci wanda ba shi da aiki a duniya sai cewa "mutumina ka kamu". Duk wanda ya faɗo daga talabijin, cikin ɗaya zai sauka.

Kada ki fara kumbure-kumbure, ban ce ke kika ƙirƙiro abin ba. Ke ina kika isa ki fara wani abu? Ko tatata sai da na riga ki. Sana'ar taku ta girmi auren Gwaggo. A Satumbar 1966 tashar NBC ta Amurka ta fara nuna Star Trek, shirin Gene Roddenberry na jirgin da ke yawo a sararin samaniya. Zango uku kacal ya yi, kashi 79, aka tsayar da shi a 1969. Amma tun yana shekara guda, a 1967, wasu mata biyu, Devra Langsam da Sherna Comerford, suka fitar da 'yar mujallar masoya shirin mai suna Spockanalia. Ba waya, ba data. Da tafireta ake bugawa a kan sitensil, a murza a inji, a manne shafuka, a kai gidan waya. Ke kuwa caji ya ɗan yi ƙasa kin sanar da mabiya yau babu sabon babi, Anti ba ta jin daɗi.

Kuma ba kyaftin Kirk matan nan suka fi bi ba, shi da yake jarumin shirin, mai naushi da soyayya. Mataimakinsa suka bi, Spock mai kunnuwa masu tsini, wanda Leonard Nimoy ya fito a matsayinsa. Kakan miskilanki ke nan, rusuna ki gaishe shi. Ubansa Sarek mutumin duniyar Vulcan ne, inda nuna fushi ko murna abin kunya ne, uwarsa Amanda kuwa 'yar Adam ce irinmu. Ya ɗauki tafarkin uba, yana ta fama da danne jinin uwa.

Akwai wani kashi mai suna Amok Time da aka nuna a 1967, ki nema ki gani ko kya ƙaru. Al'adar garinsu ta sa Spock ya yi faɗan mutuwa da Kirk, ya kuma yi imani ya kashe shi, bai san likita McCoy ya yi wa kyaftin ɗin allurar da za ta sa a zaci ya mutu ba. Ya dawo jirgi fuska a ɗaure, yana gaya wa likita zai sauka daga muƙaminsa ya miƙa kansa ga hukuma. Sai ga muryar Kirk a bayansa. Ya juyo, ya damƙi kafaɗunsa, ya kira sunansa da ƙarfi, baki har kunne. Sai ya lura likita da nas suna kallonsa. Nan take ya saki, ya gyara tsayuwa, ya ce shi dai ya ji daɗi ne da rundunar ba ta yi asarar ƙwararren kyaftin ba. Duka abin bai fi ƙiftawa da bismillah ba. A kan irin wannan ɗan murmushin da ya kufce, da kukan da ya taɓa yi a wani kashi yana cewa bai taɓa iya gaya wa uwarsa yana son ta ba, mata suka yi shekaru suna rubutu. Tambayarsu ɗaya ce: me yake ci masa rai da yake ɓoyewa haka? Ni a wurina wannan ce fahimta. Ka kama ɗan abin da shirin ya nuna ya wuce, ka bi diddiginsa.

Shirun Spock na horon kai ne da jin kunyar rabinsa. In Arnav ya yi shiru, fushi ne da rashin yarda da kowa. Na Turgut na barde ne mai makoki. Ke kuwa shiru ɗaya kika sani a duniya, na wanda yake jiran Nur ta iso.

Yawwa, mun zo kan Nur. Kin zaci zan tsallake ta? Jama'a, a duk labarin da baiwar nan ta rubuta, a Delhi ne, a Landan ne, ko a tantin Turkawa, akwai wata yarinya da babu ita a shirin asali, sunanta Nur. Shekararta 17, ta gama karatun likita, ta haddace Alƙur'ani, tana jin harsuna bakwai, gashi har gadon baya, girki kuwa in ta ɗora har maƙwabta sai sun leƙo. Sherlock yana rasa bakin zaren bincike sai ta ɗago ido ta warware masa. Turgut yana ganinta gatari ya faɗi. Abin mamaki, Nur tana sa tabarau, tana da wushirya, kuma kakanninta daga wani tsohon birni mai ganuwa da jami'a suka fito. Ko wace ce? Allahu a'alamu.

Ita ma tana da kaka. A 1973 wata marubuciya, Paula Smith, ta gaji da ganin irin wannan yarinya a mujallun masoya Star Trek, sai ta rubuta ɗan gajeren labari na shaƙiyanci, A Trekkie's Tale, a mujallar Menagerie. Tauraruwarsa Laftanar Mary Sue, 'yar shekara 15 da rabi, mafi ƙuruciya a rundunar. Kirk yana ganinta ya ce yana so, Spock ya yaba wa basirarta, ta ceci manyan jirgin gaba ɗaya, sannan ta mutu suna kewaye da ita suna sharɓar hawaye. Tun daga nan sunan ya bi duk irinta. Shekara hamsin da ɗoriya ana yi wa Mary Sue dariya, ke yanzu kika ɗaura mata atamfa. Ba na ganin laifinki sosai, gaskiya. Wa ya ƙi ya shiga labari a so shi? Amma ki riƙa cire mata wushiryar mana, ana gane ki.

Kwanaki da na soma yi miki wannan magana, sai kika jawo min boko, halin Zage-zagi. Wai Carl Jung na Suwizalan ya ce akwai siffofin mutane da suke kwance a zuciyar kowane ɗan Adam tun fil azal, uwa, da dattijo mai hikima, da mayaudari. Wai kuma Vladimir Propp na Rasha, a 1928, ya ɗauki tatsuniyoyin ƙasarsu guda 100 ya feɗe su, ya ga matakai 31 ne suke ta maimaituwa, 'yan wasan kuma ba su wuce iri bakwai ba: jarumi, mugu, mai aike, mai ba da kyauta, mataimaki, gimbiyar da ake nema, da jarumin ƙarya. Na ji, na kuma yarda. Sai dai Iya ta Yakasai, Allah ya jiƙanta, ba ta san hanyar Rasha ba, amma da wa muka san 'yar bora da 'yar mowa, da Gizo da Ƙoƙi, da dodo, da ɗan sarkin da ke zuwa a ƙarshe? Kina zaune a gefena ana ba mu, kina gyangyaɗi.

Ban ce a daina amfani da su ba. Talabijin ɗin kansa da su yake tashi. Mai shiri yana so tun a kashin farko, kafin a sa talla, ki san wa za ki so, wa za ki tsana, in ba haka ba kin canza tasha. Amma shiri mai kyau daga nan yake farawa, sannan a hankali ya bar mutum ya fi ƙarfin ramin da aka fara zuba shi. Laifinki shi ne sai an sha wahala mutum ya fito, ke kuma ki kama shi ki mayar.

Ga Lavanya nan shaida. A farkon shirin ita ce budurwar Arnav, 'yar gayu mai ɗagawa, tana wulaƙanta Khushi a ofis. Kowa ya ce ga muguwar ta iso. Sai marubutan suka yi abin da ba a zata ba. Aka ɗauko Khushi ta koya mata al'adun gida don kakar Arnav ta karɓe ta, zama ya yi zama, suka zama ƙawaye na gaske. Da Lavanya ta gane zuciyar mutumin ba ta wurinta, da kanta ta warware baikon ta yi tafiyarta da mutuncinta. A Indiya fa, inda aka saba mace irinta sai ta kai kashi na ƙarshe tana ƙulla sharri. Ke me kika yi da ita? Kin tura ta wajen boka a bayan gari, ta zuba magani a jalebi, asiri ya koma kanta, ta ƙare a keken guragu tana neman gafarar Nur. Haba baiwar Allah. Shi namijin da ya tilasta wa yarinya aure kin wanke shi tas, wai uwarsa ta mutu yana yaro. E, ta mutu, shirin ya nuna, kuma abin tausayi ne. Wannan ya gaya mana inda zafin ransa ya samo asali, bai ce Khushi ce za ta biya ba. Ita kuwa matar da laifinta kawai ta riga tauraruwa zuwa, ba sassauci.

Ba ke kaɗai ba ce, kada ki yi kuka. A Breaking Bad na Amurka, Walter White malamin makaranta ne da ya koma haɗa ƙwaya, ya kashe mutane, har yaro ya sa wa guba, amma wadda 'yan kallo da yawa suka tsana ita ce matarsa Skyler, don tana tambayarsa ina yake zuwa. Tsanar ta kai har Anna Gunn, wadda ta fito a matsayinta, sai da ta yi rubutu a jaridar New York Times a 2013 tana mamakin abin.

Wani lokacin ma ramin ne yake hana ku ganin abin da ke gabanku. Kin tuna 2019, da Daenerys ta Game of Thrones ta ƙone birnin King's Landing bayan an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya? Mutum sama da miliyan suka sa hannu a takardar neman tashar HBO ta sake zangon ƙarshe. Ke da ko zaɓen kansila ba kya fita, har da ke. Kika yi ta rantsuwa wannan ba halinta ba ne, kika zauna kika rubuta naki ƙarshen inda ta yafe wa kowa. To zo mu yi lissafi irin na Kwari. A zango na ɗaya ta ƙone wata mata da ranta. A na huɗu ta gicciye manyan Meereen 163. A na bakwai ta ƙone Randyll Tarly da ɗansa don sun ƙi durƙusa mata. Duk kina tafi, don tun ranar da kika ga yayanta ya sayar da ita kika sa ta a layin marayu, marainiya kuwa a wurinki ba ta laifi. Na yarda masu shirin sun yi gaggawa, kashi shida ba su isa a juya mutum haka ba. Amma wutar ba a ranar aka kunna ta ba. Af, George R. R. Martin, mai littattafan da aka yi shirin da su, ya daɗe yana cewa ba ya son a riƙa yi masa irin wannan rubutu da mutanensa. Na gaya miki ne kawai, ko za ki aika masa da ban haƙuri.

To bari in ɗan sassauta, kada Gwaggo ta ce na takura wa 'yarta. Wani malamin jami'a a Amurka, Henry Jenkins, ya yi littafi a kanku a 1992, Textual Poachers, inda ya ɗauke ku a matsayin masu farauta a dajin da ba nasu ba, kuma yabo yake yi. Cikin hanyoyin da ya lissafa da 'yan kallo suke sake rubuta shiri, akwai ɗauko wanda aka bari a gefe a kawo shi tsakiya. Kin taɓa yin wannan sau ɗaya, kuma ranar kin ba ni mamaki.

Ɗan gajeren nan da kika yi a kan Anjali nake nufi. A shirin, ita ce yayar da kowa yake gani sakarya, tana ɗingishi tana azumi saboda mijinta Shyam, shi kuwa yana can yana bin Khushi yana shirya wa ita Anjali mutuwa. Ke sai kika tuna cewa wannan matar a ranar bikinta na farko aure ya watse, iyayenta suka mutu, aka kore su daga gida ita da ƙaninta. Kika zaunar da ita tana ninke wa Shyam riga da daddare. Ta ji takarda a aljihu. Ta ciro, ta ga rasit ne na kayan mata da ba a kawo mata ba. Ta karanta har ƙasa, ta ninke shi yadda ta same shi, ta mayar, ta goge kwalar rigar da tafin hannu, ta kashe fitila. Ba kuka, ba dogon bayani. Wato ta sani, ta dai zaɓi kada ta sani, don ba za ta iya ganin rushewar gida karo na biyu ba. Shirin bai faɗi haka ba, amma babu inda ya ƙaryata ki, kuma duk wanda ya karanta ba zai sake kallon Anjali yadda yake kallonta ba. Da ba don na san rubutunki da kurakuran da kike yi wajen raba kalmomi ba, da na ce satowa kika yi.

Me ya biyo baya? Mabiyanki suka taso, "Anti ina Arnav?", "Anti wannan ba daɗi", "Anti a dawo mana da Nur". Washegari sai ga mutumin ya dawo yana furzar da iska. Ashe ke ma 'yar kasuwa ce, kina yi wa Kanawa gori.

Abin da ya fi ɗaure min kai, duk wannan son miskilin, dubi wanda kika aura. Malam, surukina na kaina, mutumin da in ya fito daga masallaci sai ya gaisa da kowa a layi ya tambayi lafiyar awakinsu. Tun ba a ƙarasa ba shi labari ba ya fara dariya yana riƙe ciki. Shayinsa in ba madara da suga har cokali ya tsaya, bai sha ba. A Ertugrul ɗin nan akwai irinsa sak, Bamsi mai takubba biyu, mai ci da raha, wanda a labaranki ba ya samun layi uku. Kin auri Bamsi kina rubuta Turgut. Kuma na rantse da a ce Allah ya haɗa ki da miskilin gaske, wanda za ki yi wa sannu da zuwa ya ce "uhm", ki kawo abinci ya ce "uhm", ki ce yaro ba lafiya ya lumshe ido, da kafin sati kin yi yaji kin cika wa Gwaggo ɗaki da kuka. Ke da in aka yi minti biyu ba a kula ki ba sai ki ce ana gaba da ke.

Yanzu ga shawarar Bakano, kyauta, ko da yake ba gaba ɗaya ba. Tunda wannan mutumin naki ba shuka, ba suga, ba tsawa, to ai ba Arnav ba ne, naki ne halak malak. Me ya sa za ki riƙa raba shi a banza da sunan wani? Wata 'yar Ingila, E. L. James, da mutanen labarin Twilight ta fara irin rubutunki, daga baya ta canza musu suna ta fitar da littafi a 2011, aka sayar da sama da kwafi miliyan 100. Kada ki nemi littafin, ba na irinki ba ne, dabarar kawai nake nuna miki. Ki mai da Arnav Aliyu Haidar, Delhi ta koma Abuja, jalebi ya zama alkaki, boka kuwa dama ɗan gida ne, ba sai an taɓa shi ba. Babi goma na farko kyauta, daga nan mai son ci gaba ya turo kuɗi. Ku masu boko kuka laƙaba mana adabin kasuwar Kano, to mun karɓa, kawo hajarki mu sayar miki. La'adata kashi ɗaya cikin uku, kuɗin sharar da kike bi na kuma a cire a ciki.

Sharaɗi ɗaya ne. An ce min kin fara bin Labarina na Aminu Saira daga farko, kina kallon Baba Ɗan Audu kina wani gyaɗa kai kina cewa akwai ciwon da yake ɓoyewa. Ahir ɗinki. Ranar da na ga dattijon nan ya lumshe ido ya nemi baƙin kofi, da kaina zan shiga mota in zo Samaru in karɓe cajar.